Kirista da Lokacinsa a Sabuwar Shekara: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ƙarshen Disamba, da zarar an cinye shinkafar Kirsimeti an koma lissafin kuɗin makaranta, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa: a ajin manya na makarantar Lahadi, a wajen zumuntar mata, da bakin matasa bayan an tashi daga koyon waƙa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Ayoyin da na kawo, ma'anarsu na faɗa da bakina, don haka ka buɗe naka Littafin ka duba.

Me ake nufi da amfani da lokaci cikin hikima? Ba aiki tuƙuru kawai ba ne?

Ayar da aka fi jingina maganar a kanta ita ce Afisawa 5:15-17. Bulus ya ce mu lura da irin zaman da muke yi, mu ci moriyar zarafin da muka samu domin kwanakin miyagu ne, mu kuma fahimci nufin Ubangiji. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci ta kasuwa ce, wato saye abu tun yana samuwa. Ka tuna ɗan kasuwar da ke sayen masara da kaka, lokacin da buhu ke araha. Wanda ya jira sai watan Yuli zai samu masarar, amma ba a wancan farashin ba. Akwai abubuwan da suke da kakarsu: ɗanka mai shekara 7 da har yanzu yake son ya zauna kusa da kai, tsohuwarka da ke da rai, maƙwabcin da yau ya buɗe baki ya faɗa maka damuwarsa.

Yawan kai da kawowa ba shi ne hikima ba. Yesu ya kai kusan shekara 30 kafin ya fara hidima a fili (Luka 3:23), kuma a Markus 1:35-38, da aka ce masa kowa na nemansa, sai ya ce su tafi wasu garuruwa. Mutumin da bai iya barin wani abu ba, ko da mai kyau ne, bai fara sarrafa lokacinsa ba.

Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu yi bikin 1 ga Janairu?

A'a. Fara shekara da Janairu al'adar Romawa ce, kalandar da muke bi kuwa Paparoma Giregori na 13 ne ya gyara ta a 1582. Ingila ma sai a 1752 ta koma kan wannan kalanda. Kafin nan daga 25 ga Maris suke ƙirga sabuwar shekara. Kiristocin Habasha har yau a watan Satumba suke tasu. A wajen Katolika da Angilikan da Lutheran, shekarar ikilisiya tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Saboda haka ranar ba ta da wani tsarki da ya fi na 2 ga Janairu, kuma Romawa 14:5-6 ta bar wa kowa 'yancin ɗaukaka wata rana ko ya ɗauke su duka ɗaya, muddin domin Ubangiji yake yi.

Abu ɗaya da ke burge ni: in ka ƙirga daga 25 ga Disamba, 1 ga Janairu ita ce rana ta takwas, ranar da aka yi wa Yesu kaciya aka raɗa masa suna (Luka 2:21). Mako guda cif bayan haihuwa, kamar yadda muke suna a nan.

Sujadar daren 31 ga Disamba fa? Wanda bai je ba ya shiga shekara da rashin albarka?

Wannan sujada, da 'yan birni ke kira kurosoba, ta yaɗu ne daga 'yan'uwa Morabiyawa, wata ƙungiyar Kirista ta Jamus, a ƙarni na 18, John Wesley ya ɗauka ya shigar da ita cikin ikilisiyar Metodis. Shi ne kuma ya fara sujadar sabunta alkawari da Allah a 1755, wadda daga baya aka riƙa yi a farkon shekara. A Amurka daren ya ƙara nauyi ga baƙar fata, domin a daren 31 ga Disamba 1862 sun kwana a majami'u suna jiran shelar 'yanta bayi ta fara aiki washegari.

Al'ada ce mai kyau, ni ma ina sonta. Na tuna wata shekara a majami'ar ƙauyenmu janareta ya mutu saura minti 10 sha biyu ta buga. Ba wanda ya tashi. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙa cikin duhu, mata suka kama da tulu da kacau-kacau, mai bishara yana haska agogon hannunsa da tocila har lokaci ya cika. Ban taɓa jin "Barka da sabuwar shekara" mai daɗin ta wannan daren ba.

Amma cewa wanda bai kwana a majami'a ba shekararsa ta lalace, wannan camfi ne. Ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, mai jego, tsoho, soja a bakin aiki, duk Allah yana tare da su inda suke. A wuraren da babu tsaro, majami'u da yawa sun mai da sujadar zuwa yamma, a tashi kafin duhu, kuma babu abin da ya ragu daga albarkarsu. In dattawan ikilisiyarku sun yanke haka, ka bi.

Tunda gobe ta Allah ce, tsara shekara ba shisshigi ba ne?

Masu wannan tambaya Yakubu 4:13-15 suke riƙe da ita, inda aka tsauta wa masu cewa za mu je gari kaza mu shekara muna ciniki mu ci riba. Sai dai a karanta har ƙarshe. Yakubu bai hana su tafiya ba, cewa ya yi su ce in Ubangiji ya yarda za mu rayu mu yi kaza. Shirin yana nan daram, fahariyar ce aka cire. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar saboda yunwar da ba ta iso ba tukuna, Yesu kuma ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Ba a fafe gora ranar tafiya.

Namu laifin a juye yake. "In Allah ya yarda" ta zama hanyar zillewa. Ka tambayi mutum ko zai zo aikin gayya ranar Asabar, ya ce in Allah ya yarda, alhali da kai da shi kun san ba zai zo ba. Jingina wa Allah kasalarmu ke nan.

Duk shekara ina ɗaukar alkawura, kafin Fabrairu sun watse. Me ke faruwa?

Yawanci sun yi yawa, kuma ba su da rana ba su da wuri. Wata shekara a watan Nuwamba na tsinci wata takarda a tsakiyar Zabura, rubutun hannuna ne na daren sabuwar shekara, abubuwa 14 na jera. Ɗaya kaɗai na yi, shi ma don matata ta san da shi. "Zan ƙara addu'a" buri ne. "Zan tashi ƙarfe 5:30, in karanta sura ɗaya a bakin gado kafin in taɓa waya" shiri ne, domin da dare kana iya sanin ko ka yi ko ba ka yi ba. Ka ɗauki biyu, ko uku in sun yi yawa, ka gaya wa mutum ɗaya da ba ya jin nauyin tambayarka.

Ka kuma bambanta niyya da wa'adi. Mai-Wa'azi 5:4-5 ya ce gara kada ka yi wa Allah wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. Cikin zafin waƙa da tsakar dare baki yana saurin faɗin abin da ƙafa ba za ta iya ba. Alkawari kaya ne. Ka rubuta niyyarka, ka kwana a kanta, ka sake dubawa da rana tsaka. In ka riga ka saki, duba amsa ta ƙarshe.

To ta ina zan fara?

Da ƙirga. Zabura 90:12 roƙo ne cewa Allah ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu samu zuciya mai hikima, kuma aya ta 10 ta ba da ma'auni: shekara 70, ko 80 ga mai ƙarfi. Shekara 70 kwana 25,550 ne da 'yan kai. Mai shekara 40 ya riga ya kashe 14,600 daga ciki.

Mako yana da awa 168. In kana barcin awa 7, an cire 49, saura 119. In kana aikin awa 9 kwana shida, an cire 54, saura 65. Ina 65 ɗin nan suke tafiya? Kada ka yi hasashe. Ka samu ƙaramin littafin rubutu, mako ɗaya tak, duk dare ka rubuta abin da ka yi daga tashi har kwanciya, ba tare da gyara wa kanka labari ba. Wasu awoyin ba laifinka ba ne: ɗiban ruwa, jiran mota, layin asibiti. Wasu kuwa kai ka san inda suka zube. Akasarin waɗanda na sani da suka gwada, ba babban rami suka samu ba, 'yan ƙananan huji ne: zaman majalisa da aka ce minti 10 ya zama awa biyu, da waya (akwai amsa a kanta a ƙasa).

Ina so in karance Littafi Mai Tsarki a bana. Zai yiwu?

Zai yiwu. Littattafai 66 ɗin suna da sura 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Sura 3 kowace rana da 5 ranar Lahadi sun kai ka ƙarshe kafin shekara ta cika. 'Yan Katolika, da nasu ke da littattafai 73, sai su ɗan ƙara. Inda mutane ke faɗuwa sananne ne: Farawa da Fitowa sura 90 ne, suna tafiya kamar labari, sai wajen farkon Fabrairu a yi karo da Littafin Firistoci, a ajiye. Maganinsa shi ne haɗawa, sura biyu daga Tsohon Alkawari, ɗaya daga Sabo ko Zabura.

In ba ka taɓa yi ba, shawarata ka fara da Sabon Alkawari kaɗai. Sura 260, kwana biyar a mako, mako 52, lissafin ya faɗa daidai, kuma kana da kwana biyu na rama abin da ya wuce ka. Sura ɗaya da ka tauna ta fi biyar da ka haɗiye. Wanda bai iya karatu ba, ko idonsa ya yi rauni, ana samun Littafin da murya a waya, ko jika ya karanta masa, riba biyu ke nan. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma iyayenmu da yawa a cikinsa suka koyi haɗa baƙi, da fitilar aci-balbal.

Ni mace ce, daga asuba har dare ina kan ƙafa. Ina zan samu lokacin addu'a?

Kada ki auna kanki da wanda ake kai wa abinci har ɗaki. Mai tuyar ƙosai da ta jiƙa wake tun dare, ta tashi kafin gari ya waye ta kai niƙa, ta shirya yara, ba za ta samu awa guda a keɓe ba, kuma Allah ya san haka. Abin da ke aiki shi ne ɗaura addu'a a jikin abin da dole za ki yi: lokacin da ruwa ke kan wuta, hanyar zuwa rijiya ko famfo, bayan yara sun fita kafin ki ɗauki tsintsiya. Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana, da lokacinsa sananne (Daniyel 6:10). Nehemiya kuwa tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi addu'a (Nehemiya 2:4). Dukansu biyu an ji su. Da yawa daga cikinmu da ke zaune da maƙwabta Musulmi, kiran asuba ne agogonmu: ya tashe su, ya tashe mu, kowa ya fuskanci ibadarsa.

Magana kuma ga mazaje. In matarka ba ta da minti 15 na kanta a rana, ba ita kaɗai ce ke da matsalar tsara lokaci ba. Riƙe yaro ko duba aikin makarantar yara ba ya rage wa namiji komai.

Waya ce ke cinye mini lokaci. In daina amfani da ita?

Ba sai ka daina ba, ciniki da gaisuwa da aika kuɗi duk a cikinta suke yanzu. Amma yi wannan lissafi: awa 2 kowace rana awa 730 ne a shekara, fiye da kwana 30 cur, dare da rana. Minti 15 a rana kuwa, wanda muke cewa ba mu da shi don karatu, awa 91 ne. Bulus ya ce abu yana iya halatta gare shi, amma ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba (1 Korantiyawa 6:12).

Niyya kaɗai ba ta kayar da waya, sai an canza mata wuri. Ta kwana nesa da gado. A kashe sanarwar Facebook da TikTok. A fita daga rukunonin WhatsApp da ba a san ma wanda ya sa ka ciki ba. In a waya kake karanta Littafi, ka rufe data tukuna, in ba haka ba za ka shiga neman Ishaya ka fito daga bidiyon rawa. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo ma su ƙirga: wasa uku ranar Asabar ya kusa awa 6.

Hidimomin majami'a sun cinye mini mako duka. Laifi ne in rage?

Wannan tambaya da raɗa ake yin ta, saboda tsoron a ce mutum ya yi sanyi. Ga makon wani ɗan'uwa da na sani: Litinin kwamiti, Talata nazarin Littafi, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Juma'a zumuntar maza, Asabar fita wa'azi da 'yan Sabon Rai, Lahadi daga safe har la'asar. 'Ya'yansa sun fi ganinsa a kan bagade fiye da a tsakar gida. Kowane ɗaya daga cikin tarukan nan mai kyau ne. Haɗuwarsu a kan mutum ɗaya ce ba ta da kyau.

Yetro, surukin Musa, ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin da kake yi ba daidai ba ne, za ka gaji, jama'a ma su gaji (Fitowa 18). Manzanni sun miƙa rabon abinci ga mutum bakwai (Ayyukan Manzanni 6). Bulus ya sa kula da gida cikin sharuɗɗan shugabanci (1 Timoti 3:4-5). Marta ma Yesu take yi wa hidima lokacin da ya ce ta damu da abubuwa da yawa.

Farkon shekara ne lokacin da ake raba muƙamai a ƙungiyoyi da yawa, don haka yanzu ne za ka yi magana, ba a watan Yuni bayan ka fara ɓuya ba. Ka je wajen fasto da kanka, cikin ladabi: "Baba, bana ina so in riƙe abu biyu in yi su da kyau, sauran a ba wasu su koya." Taura biyu ba ta taunuwa. Sau da yawa kujerar da ka ƙi saki ita ce wani matashi ke jira ya fara hidima a kanta.

Me za a yi da makara? An kira taro ƙarfe 4, sai 5:30 a fara.

A kira ta da sunanta. In mutum 30 suka jira awa ɗaya, awa 30 aka ɗauke wa jama'a, kuma ba mai iya mayar musu. Mu ɗin nan ba ma makara ranar jarabawar JAMB, ba ma makara in motar kasuwa za ta tashi. Ke nan iyawa muna iyawa. Abin da na ga ya yi aiki ɗaya ne: shugaba ya fara a kan lokaci ko da mutum uku ne, ya kuma tashi a kan lokaci. Mako uku ana gunaguni, na huɗu an saba. Sanarwar da ta fi wa'azi tsawo ita ma a duba ta.

A yi adalci dai. Wadda ta tako daga nesa da goyo ba ɗaya take da wanda gidansa ke jikin katangar majami'a ba, kuma abin mamaki, mai goyon ce kan riga zuwa.

Gaisuwa, biki, ta'aziyya, baƙon da ya faɗo ba sanarwa: ɓata lokaci ne?

Nan nake rabuwa da masu koyar da tsara lokaci kamar mutum inji ne. Zumunta a ƙafa take, kuma Littafi yana bayan wannan: mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka (Romawa 12:15), mu ziyarci marayu da gwauraye cikin wahalarsu (Yakubu 1:27). Firist da Balawen nan na misalin Basamariye, da suka ratse suka bar mutum kwance a hanyar Yariko, wataƙila sun isa inda za su a kan lokaci. Yesu yana kan hanyar gidan Yayirus, yarinya na bakin mutuwa, ya tsaya saboda mace ɗaya da ta taɓa rigarsa (Markus 5). In tsarinka ba shi da gurbin da mutum zai katse ka, tsarin ya yi matsi.

Amma akwai bambanci tsakanin zama da mai makoki da zaman gulma a ƙofar gidan makoki. Ba kowane biki ne sai ka kwana uku ba. Ka je, ka gaisa da kyau, ka ba da gudummawarka, ka yi sallama. Abin da ya fi kyau ma, ka sa ziyara cikin shirin shekara: sunayen mutum huɗu ko biyar da ka daɗe ba ka taka gidansu ba, wata ɗaya mutum ɗaya.

Hutu da barci ba lalaci ba ne?

Ba lalaci ba ne. Hutu yana cikin Dokoki Goma. Zabura 127:2 ta ce banza ne sammako da kwanciya a makare ana cin abincin wahala. Yesu ya ce wa almajirai su zo su huta kaɗan, domin ko zarafin cin abinci ba su samu ba (Markus 6:31). Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da barci aka fara ba shi kafin magana (1 Sarakuna 19). Lalaci shi ne hutun wanda bai yi aiki ba, shi kuwa 2 Tasalonikawa 3:10 ta gama da shi. Ga masu hidima da Lahadi ta zama musu ranar da ta fi kowace gajiya, sai su nemi wani rabin yini a mako, su kuma sake karanta amsar da ke kan hidimomin majami'a.

Azumin Janairu da annabce-annabcen sabuwar shekara fa?

Majami'u da yawa suna buɗe shekara da makon addu'a, wasu da azumin kwana 7 ko 21, suna duban makonni uku na Daniyel 10:2-3. Yana da kyau a fara shekara da neman fuskar Allah. Sai dai azumi ba kuɗin sayen shekara ba ne, kuma lokacin da aka saba ci ya kamata ya koma na addu'a, ba na barci da duban agogo ba. Matiyu 6:16-18 ta hana nuna shi, Ishaya 58 kuma ta ce azumin da Allah ke so ya haɗa da sakin wanda aka danne da raba abinci da mayunwaci. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan magani kullum su nemi shawarar likita, kada kunya ta sa su cutar da kansu.

Annabci kuwa, 1 Tasalonikawa 5:20-21 ta ce kada a raina shi, amma a gwada komai. Gwajin Kubawar Shari'a 18:22 mai sauƙi ne: abin da aka faɗa ya faru? Ka adana na bara ka duba kafin ka karɓi na bana. "Shekarar buɗi" a jikin kyalle ba ta kai taki gona.

Ni manomi ne, rani ba aiki. Ɗana kuma ya gama makaranta yana zaune. Yaya za mu yi da lokacin da ya yi yawa?

Lokacin da ya yi yawa ya fi wanda ya yi kaɗan wuyar riƙewa. Daga Janairu zuwa saukar ruwan farko akwai wata uku zuwa biyar, gwargwadon inda kake. Manomin Kafanchan zai riga na Maraɗi shuka. A cikinsu ne ake kai taki gona, a gyara rumbu da jinka, a tanadi iri tun bai yi tsada ba, mai fadama ya yi noman rani. A cikinsu ne kuma ajin yaƙi da jahilci da ajin baftisma suka fi samun mutane. Tururuwar Karin Magana 6:6-8 ba ta da shugaba mai tsaya mata a kai, wannan ne abin koyo a wajenta. Mai tafiya cin rani ya yanke tun daga gida ranar dawowa da abin da zai dawo da shi.

Ga matashin, babban haɗari shi ne kwanaki su rasa suna, Talata ta zama kamar Asabar. Ya tashi a lokaci ɗaya kullum, ya yi wanka ya sa kaya kamar mai fita aiki. Ya kama sana'ar hannu ko da ba ita ya karanta ba: ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, kiwon kaji. Bulus da duk iliminsa ɗinkin tanti yake yi (Ayyukan Manzanni 18:3). Yaran unguwa da ba su iya karatu ba ma suna nan, awa ɗaya da yamma.

Shekarar da ta wuce ta tafi a banza. Ina jin kunya da nadama. Akwai gyara?

Da farko ka raba abu biyu: abin da ka ɓata da hannunka, da abin da aka ƙwace maka. Wanda ciwo ya kwantar, ko wanda rikici ya raba da gidansa, bai ɓata lokaci ba. 'Yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da aka tarwatsa a 2014, har hedkwatarsu ta Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram, da yawa sun yi shekaru a sansani da gidajen dangi ba gona ba makaranta. Ba wanda zai ce musu sun yi sakaci. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku. Ga irin waɗannan ne nake karanta Yowel 2:25, inda Allah ya ce zai mayar da shekarun da fara ta cinye.

In kuwa da hannunka ne, ka faɗa wa Allah da sunansa, ka karɓi gafara, kada ka ƙara kashe wata uku kana makokin wata goma sha biyu. Misalin da ya fi dacewa da daren sabuwar shekara a wurina shi ne na itacen ɓaure a Luka 13:6-9. Shekara uku ba 'ya'ya, mai gona ya ce a sare. Mai lura da gonar ya ce a bar shi bana ma, zai yi masa kaftu ya zuba taki. Ba a yi wa itacen alkawarin shekaru goma ba, bana aka ba shi, da taki. Wani gyaran kuma ba a ɗaki ake yin sa ba: bashin da ka yi shiru a kansa, ɗan'uwan da kuka shekara ba ku gaisa ba. Matiyu 5:23-24 ta ce a ajiye baiko a je a shirya tukuna.

Ga shi Maris ya yi, na riga na saki komai. In jira wata shekara?

Kada ka jira. Kamar yadda aka faɗa a amsa ta biyu, 1 ga Janairu ba ta da wani sirri, kuma Makoki 3:22-23 ta ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙoƙarin rama duka: an bar karatu kwana 40, sai a ce za a karanta sura 120 a mako ɗaya, a gaji a sake ajiyewa. Ka ci gaba daga inda ka tsaya, ko ka tsallaka zuwa karatun ranar yau, abin da ya wuce ka same shi baɗi. In abu uku ka ɗauka, ka sauke biyu ka riƙe ɗaya har ya zauna.

Ka kuma sa ranar dubawa tun yanzu. Ni Lahadin farko na kowane wata nake yi, bayan an dawo daga sujada an ci abinci. Takardar ba a tsakiyar Zabura take kwana ba yanzu, tana manne a bayan ƙofar ɗaki, daidai inda nake rataye hula, kuma 'yata ta iya karatu, don haka ko na manta ita takan tambaya.